Filin Lambu: Amsoshin Tambayoyinku a Kan Dogwud

Yawancin wasiƙun wannan wata daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka suka zo, kuma da dama a kan shuka guda suke: dogwud, wanda masana tsirrai ke kira Cornus. Itace ne na ƙasashen sanyi, ba shi da sunan Hausa. Hanya mai sauƙi ta gane shi: a yawancin nau'o'insa ganyensa biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, jijiyoyin ganyen kuma suna lanƙwasawa zuwa tsini. Idan ka tsinki ganye ɗaya ka yage shi a hankali ta tsakiya, za ka ga wasu siraran zarurruka kamar na gizo-gizo sun riƙe ɓarin biyu, ɗaya na reto a jikin ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi gida na tarar da wata shuka a bayan gida, maƙwabcina ya ce dogwud ce. Ta fi ni tsawo. Can sama kaɗai take da ɗan ja, ƙasa duk ta yi toka-toka. Waɗanda nake gani a wurin shaƙatawar unguwarmu kuwa jajur suke tun daga ƙasa. Taki ne ta rasa? (Wani magidanci daga Manchesta)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Takinta lafiya lau, aski take nema. Launin nan da ya ba ka sha'awa a ɓawon sabon reshe yake. Reshen da ya fito bana shi ne ja ƙwarai. Na shekara biyu ya fara dushewa, na shekara uku zuwa huɗu ya riga ya koma toka, ɓawonsa ya yi kaushi, kuma babu takin da zai dawo masa da launi. Masu kula da wurin shaƙatawar da ka ambata sare nasu suke yi duk shekara ko bayan shekara biyu, shi ya sa kullum sababbin rassa kake gani.

Lokacin aikin a Ingila shi ne daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu, daidai lokacin da idanun reshe suka fara kumbura, ganye bai gama buɗewa ba. Mutane da yawa suna sarewa a Nuwamba, wai suna gyaran lambu kafin sanyi, sai su zubar da ainihin abin da aka shuka itacen dominsa, don daga Nuwamba zuwa Maris ne yake nuna adonsa. Idan kuma ka yi jinkiri har Mayu, itacen ya riga ya kashe ƙarfinsa a ganyen da za ka zubar, rassan da za su biyo baya sai su fito gajeru.

Kayan aiki: almakashin lambu mai kaifi don siraran rassa, dogon almakashi mai hannu biyu don masu kaurin babban yatsa, da ƙaramin zarto don tsofaffin. Ka yanke kowane reshe ka bar santimita 5 zuwa 8 daga ƙasa, yankan ya zama kaɗan a saman idanu biyun nan masu fuskantar juna. Daga nan ne sabon toho zai fito. Kada ka bar dogon guntu a saman ido, bushewa yake yi, ruɓa ta bi ta nan ta shiga gindi. Idan ka gama, abin da zai rage dunƙulen kututture ne mai ƙananan ƙahonni, har iyali su ce ka kashe musu itace. Cikin makonni kaɗan toho zai rufe shi, kafin kaka kuma rassan sun kai mita ɗaya ko fiye.

Amma naka ya daɗe ba a taɓa shi ba, don haka mun fi son ka bi shi sannu. Tsohon kututture wani lokaci ba ya mayar da toho sosai idan an sare shi gaba ɗaya rana guda. Bana ka cire kashi ɗaya cikin uku, ka zaɓi mafiya kauri da toka. Baɗi ka cire rabin tsofaffin da suka rage, shekara ta uku ka ƙarasa. Wannan hanya tana da wata riba: itacen a tsohon reshe yake fure, wanda ya sare duka ba zai ga fararen furanninsa na farkon zafi ba, balle 'ya'yan da tsuntsaye ke ci.

Bayan aski sai ciyarwa, tunda ka sa shi aikin sake gina kansa. Ka barbaɗa takin zamani na gama-gari, kamar giram 70 a kowace murabba'in mita, wajen cikin hannu biyu ke nan, ka ɗan cakuɗa shi da ƙasa, ka ba da ruwa, sannan ka lulluɓe kewayen da ruɓaɓɓen takin gargajiya ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 7. Ka duba kuma ko wata bishiya ko katanga na tare masa rana. A inuwa zai rayu, sai dai jansa ba ya nuna.

TAMBAYA: Na ji ana cewa a sare dogwud har ƙasa duk shekara. Muna da guda a gaban gida, mai gangar jiki ɗaya, tana yin manyan fararen furanni a watan Afrilu kafin ganye ya fito. In sa a sare ta? ('Yar'uwarku daga Jihar Bajiniya, Amurka)

AMSA: A'a, 'yar'uwa, don Allah kada ki bari a kai mata zarto. Mun ji daɗi da kika yi tambaya kafin aiki. Sunan ɗaya ne, amma gida biyu ne, kuma abin da ke gyara ɗaya shi ke lalata ɗayan.

Waɗanda ake sarewa su ne masu tarin rassa daga ƙasa, da ake shukawa don launin karansu: Cornus alba na Sibiriya da arewacin Sin da Koriya, Cornus sericea na Arewacin Amurka, da Cornus sanguinea na Turai. Taki kuwa, bisa yadda kika kwatanta, Cornus florida ce, ƙaramar bishiya 'yar asalin gabashin Amurka, ita ce ma furen jiharku da na maƙwabciyarku Karolina ta Arewa. Idan kin matsa kusa da furen za ki ga fararen fukafukan nan huɗu, kowanne da ɗan giɓi a bakinsa, wasu irin ganye ne da suka rikiɗa. Furen gaskiya shi ne ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da kore da suka taru a tsakiya.

Ita tun lokacin zafin bana take ɗaura idanun furen baɗi. Ki duba bakin rassanta a hunturu, za ki ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙananan albasa. Duk reshen da aka yanke da su, furen shekara ne ya tafi. Abin da take buƙata kawai a cire busasshen reshe da wanda ke gogar ɗan'uwansa.

Inda ya kamata hankalinki ya koma shi ne gindinta. Saiwarta a sama-sama take, fari na saurin taɓa ta, sai ki ga gefen ganye ya ƙone ya naɗe. A makon da ba a yi ruwan sama ba, ki ba ta ruwa sau ɗaya mai ratsa ƙasa sosai, ya fi yayyafin kullum. Ki cire ciyawa daga kewayenta kamar mita ɗaya, ki shimfiɗa ɓawon itace, amma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gangar jikin. Tara shi a jikin bishiya kamar tsibi yana ruɓar da ɓawo. Amfanin wannan da'ira biyu ne: tana riƙe danshi, tana kuma nesanta injin yankan ciyawa. Duk inda inji ya ƙwarzani ɓawon, nan tsutsar da ke huda dogwud ke samun ƙofa, ta shiga tana ci ta ƙarƙashin ɓawo, sai a wayi gari rassan sama suna mutuwa ba a san dalili ba.

TAMBAYA: Ƙasar lambuna yumɓu ce, ruwa na kwanciya a ƙarshensa duk hunturu. Komai na shuka a wurin sai ya ruɓe. An ce dogwud zai jure. Wanne zan saya, kuma yaya ake dasa shi? (Wata Hajiya daga Bamingham)

AMSA: Wanda ya gaya miki ya yi gaskiya, Hajiya. Masu launin kara 'yan fadama ne, a bakin rafi da dausayi suke fitowa a ƙasashensu. Alba da sericea sun fi jure jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wurin da ruwa ke tsayawa shekara cur dai ya yi musu yawa, amma na 'yan makonnin hunturu ba ya damunsu.

Ki duba takardar da ke rataye a jikin shukar. Wanda aka rubuta wa Sibirica shi ne ja mai haske, irin jan karan yakuwa amma ya fi shi ƙyalli. Flaviramea karansa tsakanin kore da ruwan ɗorawa yake. Kesselringii ya yi duhu har ya kusa baƙi. Elegantissima jansa bai kai na Sibirica ba, amma ganyensa na da farin baki, don haka lokacin zafi ma yana da abin kallo. Akwai kuma Midwinter Fire, wanda gindinsa ruwan ɗorawa, tsakiya ruwan goro, sama ja. Shi ne ya fi ɗaukar ido a kanti, amma ba za mu ba ki shawarar sa shi a wannan kwari ba. Ɗan gidan sanguinea ne, bai kai sauran ƙarfi ba, ya fi son ƙasa mai danshi wadda ruwa ke wucewa, kuma ba ya son a sare shi ƙarƙaf duk shekara. A ganinmu, Sibirica uku a gaba da Flaviramea biyu a gefe sun ishe ki. Guda ɗaya tilo ba ya nuna kyau, sai sun taru launin ke cika ido, musamman inda ranar hunturu ke haska su da yamma.

Daga Nuwamba zuwa Maris ana sayar da su tsirara, saiwa a waje babu tukunya, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Ki jiƙa saiwar a bokitin ruwa kamar awa ɗaya kafin dashe, kada ki bar ta a iska ta bushe. Ki zaɓi ranar da ƙasa ba ta daskare ba, ba ta kuma cika da ruwa ba. Ramin ya ninka faɗin saiwar sau biyu zuwa uku, zurfinsa kuwa daidai da nata. A jikin karan akwai alamar inda ƙasa ta tsaya a wurin reno, wannan alama ta zama daidai da bakin rami. Zurfafa dashe na cikin abubuwan da suka fi kashe sabuwar shuka.

Ga wani abu game da yumɓu. Shebur na goge bangon rami ya yi sulɓi kamar cikin randa, saiwa ta kasa hudawa, ruwa ya taru a ciki. Ki caccaki bangon da cokalin haƙa kafin ki sa shukar. Kada kuma ki cika ramin da takin buhu zalla, zai zama kamar soso a cikin kwano. Ki gauraya bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki da ƙasar da kika haƙo, ki mayar, ki taka a hankali da dunduniya, ki zuba ruwa lita 10. Tsakanin shuka da shuka ki bar kamar mita ɗaya.

Shekara biyun farko ki bar su su kafu, kada ki yi musu askin da muka kwatanta wa mai tambayar farko. A lokacin zafin shekarar farko ki riƙa ba su ruwa duk mako idan sama ta ɗauke, don yumɓu idan ya bushe tsagewa yake yi. Ki kuma sa ido a kan Flaviramea, yana miƙa rassa ta ƙasa su yi saiwa su tsiro can gefe. Wanda ya wuce iyakar da kika ba shi, ki datse shi da shebur.

TAMBAYA: Ganyen bishiyata mai fure yana yin tabo-tabo masu ruwan ƙasa, kewayensu shunayya. Rassan ƙasa suna bushewa, matattun ganye kuma sun maƙale har hunturu ba su faɗi ba. Mene ne wannan? (Wani ɗan'uwa daga Jihar Merilan, Amurka)

AMSA: Alamomin da ka lissafa, Malam, na cutar antaraknos ne, wadda wata funfuna mai suna Discula destructiva ke kawowa. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara lura da ita a Amurka, ta kuma yi ɓarna mai yawa a dazuzzukan gabas. Sanyi da laima take so, shi ya sa ta fi kama bishiyar da ke cikin inuwa, inda ganye ke daɗewa a jiƙe. Daga ganye take gangarawa cikin ƙaramin reshe, daga nan zuwa gangar jiki, inda take yin gyambo a ƙarƙashin ɓawo. Idan gyambon ya zagaye gangar, bishiya ta tafi.

A ranar da babu ruwa, ka yanke duk reshen da ya kamu har ka isa lafiyayyen itace, kana goge bakin almakashi da sifirit bayan kowane yanka. Ƙananan tohon da ke fitowa kai tsaye daga gangar jiki ma ka cire su, domin su ne gajeriyar hanyar cutar zuwa ciki. Ka share ganyen da ya zuba ka fitar da shi daga lambu, kada ya shiga ramin takinka. Ban ruwa a gindi kawai, ban da feshi a kan ganye. Ka rage taki mai yawan naitirojin, don shi ke sa laushin toho da cutar ta fi so. Idan akwai rassan wata bishiya da ke hana ta ranar safe, a rage su, raɓa ta riƙa bushewa da wuri. Akwai maganin feshi da ake fara yi tun buɗewar ido, a maimaita duk kwana 10 zuwa 14 har ganye ya gama girma. Kariya yake yi wa lafiyayyen ganye, ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Ka kai ganyen ofishin malaman gona na gundumarku su tabbatar da cutar, su faɗa maka maganin da aka yarda da shi a jiharku.

Idan fiye da rabin bishiyar ya mutu, gara a cire ta. A madadinta ka nemi Appalachian Spring, nau'in da Jami'ar Tenesi ta fitar daga wata bishiya da ta tsira a dajin Katoktin, nan cikin jiharku. Ko ka dasa Cornus kousa na Japan da Koriya da Sin, wanda cutar ba ta cika yi wa illa ba, sai dai shi bayan ganye ya fito yake fure, wajen Mayu zuwa Yuni.

Wanda ya ga farin gari kamar an barbaɗa wa ganye alli kuwa, wata funfuna ce daban, ta lokacin zafi. Tana munana ganye tana rage girma, amma da wuya ta kashe babbar bishiya.

TAMBAYA: Ina son in yi shinge da shi amma kuɗin ya yi yawa. Ana iya dasa reshensa kamar rogo? (Wani ɗalibi daga Lids)

AMSA: Ƙwarai kuwa, masu launin kara suna cikin itatuwa mafiya sauƙin kamawa. Bayan ganye ya zuba, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka zaɓi rassan bana masu kaurin fensir, ka yanka su santimita 20 zuwa 25. Ƙasan ka yanke shi miƙe, daf da ƙasan ido, saman kuma a karkace, a saman ido. Karkacewar tana zubar da ruwa, tana kuma tuna maka ina ne sama, don wanda aka soka a kife ba ya yin komai. Ka tsaga ƙasa da shebur a wurin da iska ba ta da ƙarfi, ka zuba ɗan yashi a ƙasan tsagar, ka jera su da tazarar santimita 15, kashi biyu cikin uku a binne. Ka taka ƙasar ta kama su. Idan ƙanƙara ta ɗaga su, ka sake takawa.

Za su yi ganye a Afrilu, amma ganye ba shaidar saiwa ba ne, kada ka ciro su don dubawa. Ka bar su a wurin, kana ba su ruwa, sai kaka mai zuwa ka tone ka kai su mazauninsu. Ka yanka fiye da adadin da kake buƙata, ba duka ke kamawa ba. Wata hanyar ita ce ka tanƙwaro ɗanyen reshe ƙasa ba tare da ka yanke shi ba, ka ɗan kankare ɓawon inda zai taɓa ƙasa, ka binne wurin ka danne da dutse. Bayan shekara ya yi saiwa, sai ka raba shi da uwar.

TAMBAYA: Na gan shi a Landan lokacin sanyi ya burge ni. Zai yi a gidana a Kano? Idan ba zai yi ba, Jos fa? (Wani Alhaji daga Kano)

AMSA: Alhaji, a Kano ba zai yi ba. Itacen nan yana buƙatar barcin hunturu: makonni masu yawa na sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7, da gajartar yini, su ne ke sa shi zubar da ganye, launin karansa ya nuna, idanunsa kuma su shirya buɗewa. Sanyin hunturunmu na dare ne, hantsi na yi ya wuce. Sannan ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga busasshiyar iska. Ko a kudancin Amurka masu jan kara wahala suke sha saboda zafi. Jos, da tsayinta na kusan mita 1,200, ta fi sauƙi, zai iya ɗan rayuwa, amma ba ta da irin dogon sanyin da ke fito da jan da ka gani. Shigo da ɗanyar shuka daga waje kuma sai da izinin hukumar killace tsirrai.

Idan abin da ya burge ka shi ne itace babu ganye amma yana ado a lokacin da komai ya bushe, ƙariya na yin wannan a ƙasarmu: cikin rani take fure, jikinta tsirara, ba ta neman ruwa mai yawa. A dai kula da yara da dabbobi, ruwan jikinta guba ne.

TAMBAYA: Nawa mai farin bakin ganye ne, yanzu wasu rassa suna fitowa kore zalla. Kuma a tukunya yake, 'ya'yana suna son tsinkar 'ya'yansa. Ana ci? (Wata uwa daga Hambog, Jamus)

AMSA: Koren reshen ya koma asalinsa ne, kuma ya fi mai farin baki ƙarfi, idan kin bar shi zai mamaye shukar. Ki yanke shi tun daga inda ya fito da zarar kin gan shi. Tukunya kuma kada faɗinta ya gaza santimita 45, da huda a ƙasa. Lokacin zafi ki riƙa soka yatsa kullum, in santimita 2 na sama sun bushe ki ba da ruwa. Duk shekara a watan Maris ki kwashe ƙasar sama ki zuba sabuwa, bayan shekara biyu zuwa uku ki sauya ƙasar duka.

'Ya'yan irin naki, farare masu ɗan shuɗi, na tsuntsaye ne. Suna da ɗaci, suna iya ɓata ciki, ki hana yara. Wanda ake ci shi ne Cornus mas, mai ƙananan furanni ruwan ɗorawa a Fabrairu da Maris, 'ya'yansa jajaye dogaye masu tsami. A Turkiyya da Iran ana yin abin sha da abin shafa wa burodi da su, kina iya samun su a shagunan Turkawa na garinku a ƙarshen lokacin zafi.